Wa Ya Biya Ragin da Aka Yi Mana?



Rubutun wannan makon zai ɗan yi ɗaci, don haka a yi mana haƙuri tun daga farko. Ba habaici muke yi wa kowa ba, da kanmu muke.

Da wuya mako ya wuce ba a yi kuka a zauren nan ba a kan masu karatu. Marubuciya ta yi wata uku tana taifin a waya har yatsunta su ƙage, ta sa wa littafinta naira 500, mutum ɗaya ya biya, kafin gari ya waye littafin ya zagaya gurup goma na WhatsApp. Wani ya ɗauka ya karanta a YouTube ba tare da ya nemi izini ba. Wata ta biyo ta bayan fage tana cewa ita ɗaliba ce, a taimaka a ba ta kyauta. Kukan nan na gaskiya ne, duk mun yi shi, kuma za mu ci gaba da yi. Amma akwai tambayar da ba mu cika yi wa kanmu ba. Ranar da mu muka tashi neman mai zana mana bango, ko mai tace mana rubutu, ko maɗaba'ar da za ta buga mana, me muka fara tambaya? Mun ce a nuna mana aikin da aka yi a baya? Mun tambayi irin takardar da za a sa? A'a. Cewa muka yi, "Nawa ne gaskiyarsa?" Da aka faɗa, sai muka ce, "Haba, akwai wanda ya ce zai yi mana a rabin haka."

Bari mu ba ku labarin abin da ya same mu, don kada a ce muna magana daga nesa.

Mun taɓa haɗa gajerun labaran 'yan ƙungiyarmu za mu fitar da su a littafi ɗaya. Aka yi karo-karo, kuɗi suka taru daidai gwargwado. Muka zagaya maɗaba'u uku a cikin garin nan. Ta farko ta faɗi kuɗin da ya sa muka kalli juna muka yi sallama. Ta biyu ta sauko kaɗan. Ta uku ta faɗi abin da ya yi mana daɗi, amma duk da haka ba mu ƙyale mai ita ba, sai da muka zauna muka yi ta matsa masa, muna haɗa shi da Allah da Annabi, muna cewa ai aikin raya harshe ne, har ya ƙara yi mana ragi. Muka fito muna murna, muna yaba wa wanda ya jagoranci cinikin cewa ya iya baki. Da littafin ya fito, idan ka buɗe shafi na 7 kana hango rubutun shafi na 8 ta bayansa. A wasu kwafin daga shafi na 48 sai ka tsinci kanka a na 65, an tsallake shafuka goma sha shida cur, labarin wata 'yar uwarmu gaba ɗaya ya tafi a ciki. Haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, wasu sun koma akwati, wasu an miƙe su. Da zafin watan Afrilu ya shigo, gam ɗin da aka manna bayan littafin da shi ya saki, takardu suka riƙa zubowa kamar ganyen darbejiya. Muka koma wurin mai maɗaba'a da fushinmu. Ya saurare mu har muka gama, sannan ya ce, ba tare da ya ɗaga murya ba, kuɗinmu ne ya zaɓi takardar.

Mun ji haushin maganar a ranar. Kuma har gobe muna nan a kan cewa ya yi laifi, domin kamata ya yi ya gaya mana tun farko abin da kuɗinmu zai iya saya, ko ya ce ba zai yi ba. Amma idan ya yi laifi ɗaya, mu mun yi biyu. Mun nemi abin da muka san ba zai yiwu ba, sannan muka ƙi tambayar yadda za a yi ya yiwu. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Ga abin da ya kamata duk mai shirin buga littafi ya sani. Kaso mafi tsoka na kuɗin ɗab'i takarda ce, kuma takardar nan daga waje ake shigo da ita. Nijeriya ta taɓa gina manyan masana'antun takarda uku, a Jebba da Oku-Iboku da Iwopin, duk sun durƙushe tun shekaru da dama. Saboda haka farashin takarda yana bin dala ne ƙafa da ƙafa. A farkon 2023 dala ɗaya ba ta kai naira 500 ba a farashin gwamnati. Bayan an saki naira a watan Yunin 2023, ba a yi shekara ba ta haye naira 1,500. A ranar 29 ga Mayun 2023 kuma aka cire tallafin fetur, ga kuɗin wuta, ga na dizal. Mai maɗaba'a ba shi da ikon rage ko ɗaya daga cikin waɗannan. To idan muka danne shi ya rage mana kashi ɗaya cikin uku, daga ina zai ciro? Zai sauko daga takarda mai giram 70 zuwa mai 60, ko ma takardar jarida. Zai bar ɗinki ya koma manni kawai. Zai ba yaron shago haɗa shafuka da daddare ba mai dubawa. Zai rage duk abin da ba za mu gani ba a ranar karɓar kaya.

Wannan ita ce ƙa'idar, kuma ba a harkar littafi kaɗai take ba. Duk wanda ya yi karatu a Kaduna Polytechnic ya san Panteka, don maƙwabta ne. Akwai masu walda a wurin nan da za su ƙera maka ƙofar da jikokinka za su gada. Su ɗin dai, da hannun nan nasu, za su iya ƙera maka wadda za ta lanƙwashe idan yaro ya jingina da ita. Bambancin yana cikin kaurin ƙarfen, kuma idan aka shafa fenti duk ɗaya suke a ido. Mai saye ya zo ya tsaya a kan kuɗin ƙaramar, yana son kamannin babbar. Maƙeri yana da iyali, ga maƙwabcinsa yana jiran ya ce a'a ya kira cinikin. Sai ya karɓa, ya ɗauko siririn ƙarfe. Haka telan Kasuwar Barci yake yi da zare da shafi idan aka kawo masa ɗinkin Sallah aka ƙi biyan kuɗin aiki. Haka mai buga bulo yake ƙara yashi a buhun siminti ɗaya. Haka burodi ya yi ta ƙanƙancewa a leda yana ƙara iska, saboda mai gidan burodi ya san mun fi lura da farashi a kan nauyi. Ba wanda ya zauna ya shirya wannan. Mu ne muka koya wa kasuwa, sannu a hankali, cewa abin da ido ba ya gani ba ma biyan kuɗinsa.

Wani masanin tattalin arziki ɗan Amurka, George Akerlof, ya yi rubutu a kan wannan a 1970, kuma yana cikin abin da ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 2001. Da kasuwar motocin hannu ya buga misali. Idan mai saye ba zai iya bambance mota mai lafiya da mai ciwon ɓoye ba, ba zai yarda ya biya kuɗin mai lafiya ba, sai ya tsaya a tsakiya. Wanda motarsa ke da lafiya ya ga kuɗin bai kai ba, sai ya fasa sayarwa. Masu lalatattun su ne za su rage a fili. Mai saye ya ƙara lura cewa kaya sun lalace, ya ƙara rage tayi, wasu masu na kirkin su ƙara janyewa. A haka har kasuwar ta zama ta gwangwani zalla. Abin lura a nan shi ne, ba sai kowa ya zama macuci ba kafin hakan ta faru. Ya isa a ce mai saye ba ya iya ganin inganci, kuma ba ya son biyan abin da bai gani ba.

Yanzu a ɗauki wannan a ɗora a kan harkarmu. Mene ne abin da ba a gani a littafi? Tacewa. Bango ana ganinsa, shi ya sa ko marubucin da ya fi kowa maƙo yakan daure ya biya mai zane wani abu. Yawan shafi ana gani. Amma aikin mutumin da ya zauna ya karanta labarinka sau biyu, ya gano cewa jarumar da ka ce marainiya ce a babi na 2 mahaifinta ya kira ta a waya a babi na 19, ya raba maka "ya yi" da ka haɗe, ya mayar maka da ƙugiyar "ƙasa" don kada ta zama "kasa", ya ce maka shafuka talatin ɗin nan na bikin kamu da dina ba su ƙara wa labarin komai ba, wannan aikin idan an yi shi da kyau ba ya barin alama. Mai karatu zai ji daɗin karatu kawai bai san dalili ba. Shi ya sa shi ne abu na farko da muke yankewa.

A yi lissafi. A ce littafinka kalma dubu sittin ne. Mai tacewa na gaske, idan har zai karanta da natsuwa ya yi gyara ya sake bi, ba zai gama a ƙasa da mako biyu ba, ko da ya ajiye sauran harkokinsa. Nawa muke miƙa masa? Da yawanmu kuɗin data muke turawa, mu haɗa da "Allah ya bar zumunci". To mutumin da ya iya aikin nan, wanda ya karanci harshe ko ya goge a aikin jarida, zai yi sau ɗaya don kunya, ya yi na biyu don zumunci, a na uku ya daina ɗaga waya. Ya koma fassarar takardun ƙungiyoyi masu zaman kansu inda ake biyansa a kan kowace kalma. Wa ya rage mana? Wanda zai karɓi naira dubu biyu ya buɗe fayil ɗin ya gyara shafi biyar na farko da biyar na ƙarshe, ya dawo mana da shi washegari. Sai mu riƙa cewa ai babu editocin Hausa. Akwai su. Mu muka kore su, kamar yadda aka kori masu motoci masu lafiya daga kasuwar Akerlof.

Mun san amsar da za a ba mu, domin mu ma mun sha ba da ita. Za a ce talauci ne. Wanda bai ci ya ƙoshi ba ina ya ga kuɗin edita? Yarinyar da ke rubutu a Rigasa ko Badarawa da wayar yayarta, a ce ta biya dubun dubata kafin ta fitar da labari? Kuma mai karatun da ke lissafin kuɗin Keke Napep daga Kawo zuwa Kasuwar Gumi, a ce ya sayi littafin dubu biyar?

Maganar tana da nauyi, ba za mu yi kamar ba mu ji ta ba. Ciniki halal ne, kuma al'adarmu ce. Wanda ya shiga kasuwa bai taya ba ai sai a ce baƙo ne. Neman sauƙi ga wanda ba shi da hali ba abin kunya ba ne. Amma a duba mana da kyau, su wa suka fi matsa wa mai aiki? Daga abin da muka gani, marar hali yakan faɗi gaskiya, ya ce ga abin da nake da shi, me zai iya yi mini? Wannan ciniki ne mai tsabta, domin kowa ya san abin da ya saya. Wanda ya fi ƙwarar mai aiki shi ne wanda zai kama zaure a otal don ƙaddamar da littafi, ya ɗinka sabuwar shadda, ya buga kalanda da hotonsa, ya ɗauko mai hoto da mai bidiyo, sannan a ce ya biya mai tacewa ya ce babu kuɗi. Mun halarci irin wannan taro, an ci an sha, an yi jawabai, aka raba littafin da kuskure ke cikin sunansa a bango. Wannan ba talauci ba ne. Zaɓi ne aka yi tsakanin abin da jama'a za su gani a yini ɗaya da abin da zai zauna a hannun mai karatu shekara ashirin.

Sannan ko a tarihin adabinmu, araha da inganci sun taɓa zama a ɗaki ɗaya, sai dai a tambaya wa ya biya kuɗin hayar. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fitowa a Zariya a watan Janairun 1939 kwabo ɗaya ake sayar da ita, kuma Hausar da ke cikinta har yau ana koyi da ita. Littattafan da suka fito daga gasar 1933, irin su Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar, ba su fito daga hannun marubutansu suka faɗa injin ɗab'i kai tsaye ba, sai da suka bi ta Hukumar Talifi ƙarƙashin Rupert East. Da za a rubuta Magana Jari Ce, ɗauko Abubakar Imam aka yi daga aikin koyarwa a Katsina aka kawo shi Zariya ya zauna watanni ba abin da yake yi sai rubutun. Wato akwai hukumar da ta ɗauki nauyin lokacinsa da na masu dubawa da na masu zane. Mai karatu ya samu da sauƙi saboda wani ya riga ya biya. Ko me za mu ce game da manufar Turawan mulkin mallaka a wannan aiki, kuma akwai abin cewa, darasin lissafin yana nan: duk inda ka ga abu mai kyau da araha, akwai aljihun da ya cike giɓin. Ko gwamnati, ko yawan ciniki, ko wani mai son abin. Idan babu ɗaya daga cikinsu, to giɓin daga jikin kayan za a yanko shi, ko daga cikin mai aikin.

Zamanin littattafan da aka yi wa laƙabi da adabin kasuwar Kano ya nuna ɗaya hanyar, wato yawan ciniki. Su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino da Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa sun samar da masu karatu a gidajen da ba a taɓa sayen littafin hira ba, kuma sauƙin kuɗin littattafan yana cikin sirrin. Ba mu cikin masu raina wannan zamani, don ba don su ba da yawancinmu ba mu san ana rubuta labari da Hausa ba. Amma a ƙarshen shekarun 1990, a shafukan jaridar New Nigerian da ake bugawa a nan Kaduna, masana irin su Ibrahim Malumfashi da Abdalla Uba Adamu sun yi doguwar muhawara a kan ingancin waɗannan littattafai. Wani ɓangare na abin da ake suka a lokacin, kurakuran rubutu da rashin tacewa da takarda marar kyau da raba labari ɗaya gida uku ko huɗu, ba daga rashin basirar marubuta ya taso ba. Daga farashin da kasuwa ta kafe a kai ya taso. Mun gaji muhawarar, mun gaji matsalar, sai dai mu namu ya fi muni, domin su aƙalla ana biyan wani abu kafin a karanta, ko da kuɗin haya ne a shagon unguwa.

Mu kuwa mun sauko har ƙasa, mun kai farashi sifili. Kuma sifili ma yana da irin kayan da yake haifarwa. Idan marubuciya ta san duk abin da ta rubuta za a sace shi a rana ɗaya, dabarar da ta rage mata ita ce ta riƙa sakin labari kullum, shafi bayan shafi, don a zauna a gurup ɗinta a ci gaba da biyan kuɗin shiga. Labarin da ya kamata ya ƙare a babi talatin sai ya kai ɗari da ashirin. Ba lokacin sake karantawa, balle gyara. Abin da aka rubuta da Asuba shi za a saki da hantsi. Kuma da yake abin da ya fi saurin jan mutane su tura kuɗi an san shi, sai ka ga an fara cusa shimfiɗar gado inda labari bai nema ba. Muna taruwa mu yi Allah wadai da masu rubutun batsa, kuma sun cancanci a yi musu, amma ba ma son a ce mana kasuwar da ta ƙi biyan naira 500 don labari mai ma'ana ita ce ta buɗe musu ƙofa. A cikin masu tura littafin wasu kyauta a gurup har da marubuta. Mun gani da idonmu. Wasunmu ma mun yi.

Mutanen Kaduna bai kamata a yi mana dogon bayani a kan ƙarshen wannan hanya ba. A tsallaka gada a je Kakuri a gani. Kaduna Textiles da aka buɗe a 1957 zamanin Sardauna, da United Nigerian Textiles da ta biyo baya a 1964, da Arewa Textiles, sun ciyar da dubban gidaje a garin nan. Kaduna Textiles ta rufe a 2002, UNTL ta dakatar da aiki a 2007. Ba za mu ce masu sayen atamfa ne kaɗai suka kashe su ba, ƙarya ne. Akwai rashin wuta, akwai tsadar man da injuna ke sha, akwai tsofaffin injuna, akwai sakacin shugabanni da fasa-ƙwauri. Amma atamfar da aka yi fasa-ƙwaurinta ba ita ta sayi kanta ba. An kwaikwayi zanen namu, aka buga a kan yadi marar ƙwari a ƙasar Sin, aka shigo da shi ta kan iyaka, muka ga ya fi sauƙi muka saya. Kowane mai saye ya ci ribar 'yan nairori a ranar. Da aka tara ribar nan gaba ɗaya, sai ta zama maƙwabcin da ya rasa aiki, da zanen da ke koɗewa a wanki na uku, da kuma rashin zaɓi, domin yanzu ko kana da kuɗin na kirkin sai ka sha wuya kafin ka same shi. Wannan na ƙarshen shi ya fi ba mu tsoro game da adabi. Masana'anta idan ta rufe, masu gwanintar suna watsewa, kuma ba a tara su da sanarwa ɗaya.

To me muke so a yi? Ba mu ce kowa ya je maɗaba'a mafi tsada ba. Tsada ma ba shaidar inganci ba ce, akwai masu tsuga kuɗi su yi aikin banza. Abin da muke cewa shi ne a daina cinikin makafi. Idan za ka buga littafi, ka ce a rubuta maka a takarda: giram nawa ne takardar ciki, wane irin kwali ne bango, ɗinki ne ko manni, kwafi nawa, yaushe za a gama. Ka ce a fitar maka da kwafi ɗaya ka duba shafi bayan shafi ka sa hannu kafin a saki inji. Idan kuɗinka bai kai ba, ka rage yawan kwafi, ko ka rage tsawon littafin, kada ka rage mai dubawa. Kwafi ɗari biyu masu kyau sun fi dubu da za ka ɓoye a ƙarƙashin gado don kunya. Namu na can har yanzu a kwali, a ɗakin ma'ajin ƙungiya.

A game da tacewa kuma, tunda mun iya adashi don biki da Sallah, me zai hana mu yi don littafi? Mutum goma su riƙa zubi duk wata, wanda ya kwasa ya biya edita na gaske, a sa sunan editan a cikin littafin yadda idan aikin ya yi kyau a san wa ya yi, idan ya ɓaci a san wa za a tambaya. Da haka ne abin da ba a gani zai fara ganuwa, mai karatu ya fara gane cewa littafin da ya bi ta hannun wance ko wane daban yake. Su ma masu tacewa da masu zanen bango da ke cikin zauren nan, muna roƙonku ku daina jin kunyar faɗin kuɗinku. Ku rubuta shi a fili, ku faɗi abin da ya ƙunsa. Idan an taya ƙasa da abin da zai yiwu, ku ce ba zai yiwu ba, kada ku karɓa sannan ku rama a ɓoye. Karɓa a rama a ɓoye shi ne ainihin algus, ko a mudu ko a shafi.

Masu kula da zauren nan kuma, da girmamawa muke cewa, dokar hana tura littafin wani ba da izininsa ba ta daɗe a rubuce, ba mu taɓa ganin an cire kowa a kanta ba. Nijeriya tana da sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, kuma ta shafi abin da ake yaɗawa ta intanet. Amma kafin a kai ga hukuma, mu fara da gidanmu. Wanda ya turo PDF ɗin littafin kuɗi a yi masa gargaɗi sau ɗaya, idan ya sake a fitar da shi, ko da shi ne ya fi kowa yawan sharhi.

'Yar uwarmu da labarinta ya ɓace tsakanin shafi na 48 da na 65 ba ta sake ba mu rubutu ba. Mun ba ta haƙuri, ta ce ba komai. Da muka fara shirin fitowa ta biyu muka sake tuntuɓarta, sai ta tambaye mu wa zai duba, kuma nawa aka ware masa. Ba mu da amsa a lokacin. A zaman da za mu yi na ƙarshen watan nan, wannan ne abu na farko a ajanda, kafin maganar zaure da abincin baƙi.